Sanarwa ga Iyayen Ƴan Aji Ɗaya kan Darussan Wannan Zango

Iyayenmu maza da mata, gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu.

Da yawa daga cikinku sun tambayi abin da yaranmu za su koya, tun da Gwamnatin Tarayya ta sabunta manhajar firamare a 2025. Makarantarmu tana bin manhajar NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantu a Najeriya, don haka za su yi Turanci, Lissafi, Hausa, Kimiyya da Tarihin Najeriya kamar takwarorinsu.

A darasin Addinin Kirista kuwa, mun fara da labarin halitta a Littafin Farawa, sura ta 1, daga nan mu wuce zuwa Nuhu da jirginsa. Kowace safiya bayan sujada suna maimaita Addu'ar Ubangiji da Hausa daga Matiyu sura ta 6, domin a ganina yaro ya fi riƙe addu'a da harshen da ake yi masa magana a gida. Sai dai har yanzu wasunsu suna damƙe fensir kamar muciya, saboda haka muna roƙo ku zauna da su minti 10 da yamma su gwada rubuta baƙaƙe, musamman b da d, waɗanda suke yawan juyawa.

A turo kowane yaro da littafin rubutu mai manyan layuka ranar Litinin.

Malamar aji ɗaya