Sanarwa: abin yi ga matasanmu a laburare lokacin dogon hutu

Assalamu alaikum ƴan uwa iyaye,

Dogon hutu ya ƙarato, kuma kun san matasanmu, in ba a nema musu abin yi ba sai su wuni rungume da waya. Laburaren jama'a da yawa sukan shirya musu abubuwa a wannan lokaci, galibi kyauta.

Akwai gasar karatu, inda yaro ke rubuta sunan duk littafin da ya kammala a kati. Wasu kuma suna koyar da kwamfuta da rubutun gajerun labarai. Ni dai aikin sa-kai ya fi burge ni: ɗan shekara 15 zaune tsakiyar ƙananan yara yana karanta musu labari da babbar murya. Yana cire wa yaro kunyar magana a gaban jama'a fiye da duk faɗan da muke yi.

Don Allah ku leƙa laburaren kusa da ku tun yanzu, ajin kwamfuta kan cika da wuri. Ku je tare da su, don sau da yawa sai iyaye sun sa hannu kafin a ba da katin aro. Wanda ya samo jadawali ya turo mana nan.