Gwiwar Auta

Assalamu alaikum, Sarkin Gardama,

Dogon saƙon muryarka ya iso, na kuma saurare shi har ƙarshe, har da wajen da ka manta kana ɗauka ka shiga ciniki da mai tasi da Larabcin nan naka na kasuwa. Ya Alƙahira? Ya karatu, ya Madam da 'yata? Maganar filin Rijiyar Zaki da ka tambaya zan zo kanta a wani saƙon, amma bari in fara sauke abin da ke cikina, don shi ya hana ni sukuni har ka ji ni shiru.

Auta ne ya ji ciwo a gwiwa, kuma ba ƙaramin ciwo ba.

A filin bayan firamare abin ya faru, wanda ka sani, mai bushewa ƙarau da rani. Bayan la'asar ne. Ya karɓi ƙwallo ya zo zai yanke mai tsaron baya, ya dasa ƙafar dama ya juya jiki, ƙafar ta ƙi biyo shi. Babu wanda ya taɓa shi. Wannan shi ya fi ɗaure wa Hajiya kai, har yau in zancen ya taso sai ta ce dole akwai wanda ya kwashe shi, yaran ne kawai suke rufa wa juna asiri. Shi dai ya ce ya ji wani abu ya yi ƙas a ciki, golan da ke kusa ma ya rantse ya ji ƙarar. Ya miƙe ya ce zai ci gaba, ka san shi da taurin kai, yana takawa gwiwar ta lanƙwashe ya sake zubewa. Kafin isha ta kumbura tim, ko ƙoƙon ba ka gani.

Ina dawowa daga shago na tarar Hajiya ta riga ta aika an kira mai ɗori. Ba zan zagi mutumin ba, sana'ar gidansu ce, kuma na sha ganin hannun da ya ɗora ya kama. Amma ya taɓa nan ya taɓa can ya ce gocewa ce, ya sa aka danne yaron ya ja ƙafar, ya murje ta da mai, ya naɗe. Ihun da Auta ya yi har maƙwabta sai da suka leƙo. Bayan 'yan makonni kumburi ya saɓe, ya fara takawa, har yana zuwa masallaci da ƙafarsa. Kowa ya ce alhamdu lillahi an warke, Kawu ya shiga yi min gori wai 'yan boko komai sai asibiti.

Sai ran nan yana saukowa daga Adaidaita Sahu a Ƙofar Nasarawa, gwiwar ta zame masa, ya faɗi a bakin titi. Ta sake kumbura. Daga nan ne ya faɗa min gaskiya, wai dama duk sanda ya juya da sauri yakan ji kamar ƙafar ba tasa ba ce, tsoron Hajiya ya sa ya yi shiru.

Muka tafi Asibitin Ƙashi na Dala. Aka fara da hoton ƙashi, ya fito fes, babu karaya babu tsagewa. Zo ka ga Kawu, ya ɗaga hoton sama yana nuna wa mutanen da ba su tambaye shi ba. Likitan bai tanka masa ba. Ya kwantar da Auta, ya ɗan lanƙwasa gwiwar, ya riƙe cinya da hannu ɗaya, ya kama ƙwauri da ɗayan ya jawo shi gaba. Ya fara da ƙafar lafiya: ta ɗan motsa ta tsaya cak. Da ya zo kan mai ciwon, wallahi da idona na ga ƙwaurin ya taho gaba kamar ana jawo durowar tebur, babu abin da ya tare shi. Kawu ya mayar da hotonsa cikin ambulan.

Abin da na fahimta, ka ji shi da kyau tunda kai ka fi kowa son a kawo maka hujja. Hoton ƙashi ƙashi kawai yake nunawa. Abin da ke ɗaure ƙashin cinya da na ƙwauri wasu jijiyoyi ne masu tauri, manyansu guda 4. Biyu a gefe, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, su ke hana gwiwa karkacewa hagu ko dama. Biyu kuma a can tsakiyar gaɓar, sun gitta juna, ta gaba tana hana ƙwauri zamewa gaba da murɗewa, ta baya tana hana shi komawa baya. Ta gaban nan, wadda kullum muke ji a gidan kallo ana cewa ACL, ita ce ta Auta ta tsinke. Likitan ya ce yawancin masu tsinka ta babu ma wanda ya buge su, juyi ne ko dira ko birki na farat ɗaya. Kumburin da ya taso cikin 'yan sa'o'i kuwa jini ne ya taru a gaɓar. Aka tura mu MRI, hoton da ke nuna har jijiyoyi da guringuntsi, kuɗin da na ƙirga a wajen kar ka tambaye ni, ya tabbatar ta rabu gida biyu, kuma guringuntsin da ke shimfiɗe tsakanin ƙasusuwan ya ɗan yage a gefe. Ko ranar ƙwallon ya yage ko ranar Adaidaita, Allah masani, amma likitan ya ce duk zamewar da gwiwa ta yi guringuntsin ne yake biya, kuma lalacewarsa ce ke jawo amosanin gaɓa tun mutum bai tsufa ba.

Na tambaye shi me ya sa ba za a ɗaure ƙafar a jira ta haɗe ba. Ya ce da ta gefen ciki ce, haka za a yi, don jini yana isa gare ta sosai, maɗaurin gwiwa da motsa jiki sun ishe ta cikin makonni. Ka tuna Asisat Oshoala a gasar mata ta Afirka a Maroko, 2022, wasan farko da Afirka ta Kudu? Ta gefen ce ta samu, gasar ta wuce ta, amma kafin shekarar ta ƙare ta dawo tana ci wa Barcelona. Ita kuwa ta tsakiyar a cikin ruwan gaɓa take, jinin da ke zuwa mata kaɗan ne, in ta rabu biyu da wuya bakunan su sake kama juna.

Af, kafin in manta. Angon bara ya ƙara aure. Eh, shi dai, mai cewa ko da kuɗi aka haɗa shi ba zai yi ta biyu ba. Ranar ɗaurin aure babbar rigar da ya sa ta fi shi nauyi, Dogo ya bi shi yana ce masa ranka ya daɗe har cikin mota. Uwargida ta tafi gidansu, an yi biko, ta dawo da sharaɗin a canja mata kujeru. Yanzu ba ya zama a majalisa sai ya duba agogo sau goma. Mai shayinmu kuma ya ƙara kuɗin kofi, ya ce in kana da ja ka dawo ka yi da kanka.

To, mu koma. Hanya biyu aka shimfiɗa mana. Da irina ne, mai zaman shago da tumbi, likitan ya ce ana iya haƙura da tiyata, a ƙarfafa naman cinya ya riƙe gwiwar, mutum ya yi rayuwarsa, sai dai ya yi sallama da wasan juye-juye. Amma yaro ɗan shekara 19 da bai da zance sai na gwajin Kano Pillars, ga gwiwar tana zamewa, ga guringuntsi ya taɓu, shawararsa a yi tiyata. Kuma ba ɗinke tsohuwar ake yi ba. Wata jijiya za a ciro daga bayan cinyarsa, ko daga wadda ke ƙasan ƙoƙon gwiwa, a huda ƙasusuwan biyu, a zura ta a kafe ta a mazaunin waccan, duk ta 'yan ƙananan ƙofofi da kyamara. Da na mayar wa Hajiya wannan bayani sai ta riƙe haɓa ta ce, wato a ɓata wuri mai lafiya don a gyara marar lafiya? Na rasa amsar da zan ba ta. Sai da Gwaggo ta zo ta zauna da ita tukuna ta ce a yi, Allah ya sa a dace.

Kuɗin aikin maganar miliyoyi ake. Kar ka fara, ban rubuto don ka turo komai ba, na san ɗalibi kake kuma na san abin da ake ba ku. Yaya ya ɗauki kaso mai tsoka, ni ma zan sayar da babur ɗin, dama ya ishe ni da zuwa wajen bakanike.

Ba a sa rana ba tukuna, don likitan ya ce ba zai taɓa gwiwar ba sai kumburi ya tafi gaba ɗaya kuma tana miƙewa sambal, in ba haka ba bayan aiki sai ta sandare. Shi ya sa yanzu muna hannun masu gashin ƙashi. Ranar farko matar ta ɗauko awo irin na tela ta zagaya cinyarsa ta dama, ta zagaya ta hagu, ta nuna masa bambancin. Kusan faɗin yatsa biyu naman ya zube, shi da yake taƙama da cinyoyin nan. Ya yi shiru har muka iso gida. Yanzu safe da yamma yana kwance a tabarma, an naɗe tawul an sa masa a ƙarƙashin dunduniya, yana danna bayan gwiwa ƙasa yana ƙirgawa, sannan ya ɗaga ƙafar a miƙe ya sauke a hankali. In ya gama a ɗora ƙanƙara a cikin tsumma. Da wannan wutar tamu, ƙanƙarar ma sai an aika bakin titi an sayo. Tsuguno ya gagara, sai da muka sa masa kujerar roba da aka huda a banɗaki. Zaman tahiya ma haka, a kan kujera yake salla, a jere da dattawan sahun gaba, har Liman ya fara ce masa Alhaji Baba.

Duk wannan da sauƙi. Abin da ke hana ni barci shi ne bayan aikin. An ce masa wata 9 zuwa shekara kafin ya koma fili, shi kuma ya riga ya yanke wa kansa wata biyar. Likitan ya ja masa kunne a gabana: sabuwar jijiyar sai jiki ya karɓe ta ya sake gina ta, kuma akwai lokacin da take da rauni sosai a watannin farko, daidai sanda ciwo ya tafi mutum yake jin garau. Masu komawa da wuri su suka fi sake tsinka ta, wani lokacin ma ta ɗaya ƙafar ce ke tafiya. Ya gyaɗa kai, amma na san gyaɗa kan Auta.

Na kawo masa misalin Van Dijk, da Pickford ya haye masa a Oktoban 2020, bai sake buga gasar Firimiya ba sai Agustan 2021, ga likitocin Liverpool ga kuɗi. Na kawo masa Rodri, da ya tsinka tasa a Satumban 2024, ya je ya karɓi Ballon d'Or yana dogara sanduna. Kuma da wa ake wasa ranar? Da ku, Arsenal. Ban ce Partey ya yi da gangan ba, amma ban manta rawar da ka turo min a daren ba, Allah ya shirye ka. Naku Timber ma ai wasansa na farko a gasar, Agustan 2023, ya fita, ba ku sake ganinsa ba sai ranar rufe kaka. Auta ya saurare ni tsaf, ya ce ai su tsofaffi ne, shi jininsa sabo ne. Timber ɗin da shekararsa 22 a lokacin!

Shekaranjiya na kama shi a soro yana ɗaga ƙwallo da ƙafar hagu, wato ya tsaya a kan mai ciwon ke nan. Na ƙwace ƙwallon na kulle ta a shago. Bai yi min magana ba har yau.

Kai ma ba ka tsira ba. Faɗuwar nan da ka yi a babur a hanyar Zariya, da ƙwaurinka ya daki bayan mota gwiwa a lanƙwashe, likitan ya ce irin wannan bugun ne yake tsinka jijiyar tsakiya ta bayan, kuma mutane da yawa suna yawo da ita shekaru ba su sani ba, sai dai su riƙa jin ciwo wajen sauka daga bene. Ba kai ne kake saukowa daga benen Kwari a karkace kana cewa sanyi ne ba? Kana zaune a garin da mutanenmu ke sayar da gona su je ganin likita, ka je a duba ka mana. In ka je, ka tambayar min ko a wajensu ma wata 9 ɗin suke cewa, don in samu abin da zan ƙara toshe bakin yaron nan da shi.

Abin da nake so da kai dai ka kira shi. Ni yanzu na zama abokin gaba, Yaya kuma tsawa kawai ya iya. Kai ne ka fara kai shi filin Sani Abacha yana ɗan ƙarami, a kafaɗarka ya kalli wasan, har gobe in ka yi magana yana ji. Kar ka yi masa wa'azi, ka san ba ya so. Ka ja shi da hirar Arsenal ɗinku, in ya saki jiki sai ka shigo da maganar gwiwar. Bayan isha ya fi, lokacin ya gama motsa ƙafar yana kwance da ƙanƙara, ba inda zai gudu.

Hajiya tana gaishe ka, ta ce man habbatus sauda ɗin da ka yi alkawari ko sai ta mutu za a kawo. Dogo ya ce kuɗinsa na nan yana ƙirga musu kwana. Ka shafa min kan 'yata, ka gaida Madam da kyau.

Naka,
Abokin faɗanka