Na kai babba makaranta da wuri, yaya zan yi da ƙaramar?

Assalamu alaikum Anti. Ya aiki, ya iyali? Allah ya saka da alheri bisa wannan fili.

Ni matar aure ce a Tudun Wada, nan Kaduna, ɗinki nake yi a gida. Yarana biyu, namiji ɗan shekara 5 da mace 'yar wata 8. Maganar ƙaramar ce ta sa na rubuto, amma dole in faro daga yayanta.

Yana shekara 2 da rabi muka sa shi wata nazire ta kuɗi a unguwarmu, don duk maƙwabta haka suke yi. Aka ɗora wa yaron da ko fo bai daina hawa ba jaka cike da littattafai. Yau yana rera ABC har ƙarshe, yana ƙirga 1 zuwa 50 da Turanci, amma in na zube masa maɓallai shida a kan keken ɗinki na ce nawa ne, sai ya tsaya yana kallona. Fensir kuwa damƙe shi yake yi kamar muciya. Kullum sai an sha kuka kafin a sa safa.

Ba zan ɗora wa malamai laifin duka ba, ni ma da nawa. In aiki ya taru, musamman gab da sallah, waya nake miƙa masa ya kalli katun don ya bar ni in yi yanka. Daga baya na ji cewa tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 2 ba gaban waya ko talabijin, daga 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Nawa har awa uku yakan yi.

Ranar da na kai ƙaramar rigakafi, wata nas ta ce min karatu tun daga goyo yake farawa: in riƙa yi mata hira, in amsa gwarancinta. Na fara. In ina mata wanka sai in ce ga hannu, ga ƙafa, ga ruwa, ita kuma tana ta ɓangala dariya tana dukan baho. Surukata ta ji ni, ta ce me jaririya ta sani? A wurin Hajiya, yaro bai isa makaranta ba sai ya zagaya hannu ta kan kai ya kamo kunnensa. Babansu kuma so yake da ta fara tafiya a kai ta, a kuma daina mata Hausa a gida, alhali ni Turancina na sakandare ne, ba ya kai ni ko tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi.

Anti, me zan riƙa yi mata daga yanzu wanda bai fi ƙarfin aljihuna ba? Hausar da nake mata za ta hana ta iya Turanci gaba? Tun da shekara 6 ne lokacin shiga firamare, kuma akwai Islamiyya kusa da mu, wace shekara ce daidai a fara fitar da ita? Shi kuma yayan, babansu na son a tsallake da shi aji ɗaya a Satumba mai zuwa, ni hankalina bai kwanta ba. Ta yaya zan faɗa masa ba tare da ya ga kamar ina raina ɗawainiyar da yake yi ba?

Na gode.
Wata uwa daga Tudun Wada, Kaduna