Zuwa ga 'yar'uwar da ta tambaya ko fasasshen tulu zai sake ɗaukar ruwa

Mama, muna gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Yaya yara, yaya ƙarin haƙuri?

A taron zumuntar mata a Mokolo, a arewacin Kamaru, kin miƙe gaban jama'a kin yi tambaya, lokaci ya ƙure ba a ba ki amsar kirki ba. Kin ce shekara tara ke nan da 'yan Boko Haram suka kashe maigidanki a ƙauyenku na bakin iyaka. Kin yi azumi, kin furta gafara a gaban ikkilisiya, amma har yau ƙarar babur da dare tana sa hantarki kaɗawa, barci kuwa sai dai ya sace ki. Wani ya ce miki ƙarancin bangaskiya ne. Sai kika rufe da cewa: "Ni da na fashe kamar tulu, Allah zai sake yin wani abu da ni?" Mu masu rubuto miki fastoci ne da dattawan mata da ma'aikatan jinya da ke zama da masu makoki. A fili muke amsawa, domin tun 2014 da hare-hare suka tsananta a yankunan Mayo-Tsanaga da Mayo-Sava da Logon da Shari, mata masu irin tambayarki sun wuce a ƙirga, a ƙauyuka da kuma sansanin 'yan gudun hijira na Minawawo.

Wanda ya ce bangaskiyarki ce ta kasa ya yi kuskure. Irin kuskuren abokan Ayuba ne. Kwana bakwai da suka yi zaune da shi a ƙasa ba su ce uffan ba, ba a kama su da laifi ba. Da suka buɗe baki suna nemo masa zunubin da ya jawo masifa, Allah da kansa ya tsawata musu a Ayuba 42:7. Faɗuwar gaban da kike ji aikin jiki ne. Jikin da ya taɓa gudun mutuwa yakan riƙe ƙara da wari da lokacin da abin ya faru, in ya sake jin makamancinsu sai zuciya ta buga, gumi ya keto, tun kafin tunani ya ce babu komai. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura, ba a kuma ce masa marar imani.

Don haka daga jiki za ki fara, yadda Allah ya fara da Iliya. A 1 Sarakuna sura 19 annabin ya gudu jeji ya roƙi mutuwa. Mala'ika bai yi masa wa'azi ba. Ya tashe shi ya ci waina ya sha ruwa, ya bar shi ya koma barci, ya sake tashinsa ya ci, sannan daga baya aka yi magana. Muna roƙonki ki ajiye dogon azumi tukuna, domin yunwa a kan rashin barci tana ƙara firgita da saurin fushi. Ki ci abinci a kan lokaci ko ba ki jin daɗinsa. Ki daina shan shayi mai ƙarfi da cin goro tun daga yamma. In firgita ta taso, ki zauna, tafin ƙafa a ƙasa, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida, sau goma. Tsawaita fitar numfashi ne ke rage bugun zuciya. Sannan ki ambaci abu biyar da idonki ke gani a ɗakin, ki faɗi sunan garin da kike da ranar da ake ciki da babbar murya. Wannan yana sanar da jiki cewa yau ce, wancan daren ya wuce. Tramol da ƙwayar barci ta masu talla da giyar bilbil sukan kwantar da mutum dare ɗaya, washegari tsoron ya dawo da ƙarfinsa, ga jaraba ta ƙaru a kai.

Yanzu ga inda ikkilisiyoyinmu suka fi yin sakaci, wato kuka. Mun iya cewa "a yi haƙuri" tun gawa ba ta yi sanyi ba, mun iya ta da waƙar yabo don mai kuka ta yi shiru. Littafi Mai Tsarki kuwa cike yake da kuka. Zabura 13 aya shida ce kacal, amma a ayoyi biyu na farko sau huɗu Dawuda ya tambayi Allah "har yaushe". Zabura 88 ta ƙare cikin duhu, babu ko kalmar ta'aziyya a ƙarshenta, aka kuma bar ta cikin littafin sujada. Na'omi ta dawo Baitalami ta ce a kira ta Mara, wato ɗaci. Yesu ya yi hawaye a bakin kabarin Li'azaru alhali ya san zai tashe shi. Ki tsara taki addu'ar kuka, a rubuce ko da baki, da Hausa ko da harshen da mahaifiyarki ta yi miki rarrashi da shi. Ki kira Allah da sunan da kika saba. Ki faɗa masa abin da ya faru dalla-dalla, har fushin da kike ji da shi kansa, in akwai. Ki roƙi abu ɗaya takamaimai, misali barcin daren yau. In bakinki ya iya, ki rufe da kalmar dogara, in bai iya ba ki tsaya nan, kin yi addu'a cikakkiya. Mikin da fata ta rufe a kan mugunya yakan kumbura daga ciki, sai an buɗe an wanke yake warkewa.

Ki nemi mutum ɗaya mai riƙe sirri, mace dattijuwa ta fi, ku riƙa zama sau ɗaya a mako, kamar awa guda, a wurin da yara ba sa ji. Ga mai sauraron muna cewa: tambaya uku sun isa. Me ya faru? Yaya kika ji? Wane wuri ne ya fi miki zafi? Daga nan ki kama bakinki. Kada ki kawo labarinki, kada ki ce "ai gara ke". In kin ga numfashinta ya sarƙe ko idonta ya kafe, ku tsaya, ki ba ta ruwa, ku koma maganar yau da kullum. Abin da ya fi ɓata wannan aiki shi ne a ɗauki sirrin mutum a mai da shi "roƙon addu'a" ranar Lahadi, ko a tura ta ba da shaida a gaban taro tun ba ta shirya ba. Wadda aka yi wa haka ba ta ƙara buɗe baki.

Maganar gafara tana bukatar natsuwa, domin a nan ne kika fi zargin kanki. Kin furta ta, zafi bai tafi ba, sai kika ɗauka ƙarya kika yi. Ba ki yi ƙarya ba. Gafara ita ce ki sauke haƙƙin ramuwa daga hannunki ki miƙa wa Allah, kamar yadda Romawa 12:19 ta ce, kuma akan maimaita miƙawar duk ranar da abin ya taso. Mantuwa ba ta cikin sharaɗi. Yusufu ya sa wa ɗansa suna Manassa don ya ce Allah ya mantar da shi wahalarsa, amma bayan shekara fiye da ashirin da sayar da shi, da ya ga 'yan'uwansa sai da ya juya ya yi kuka. Bai kuma faɗa jikinsu nan take ba. Ya gwada su da Biliyaminu, ya ga sun sāke, sannan ya bayyana kansa. Wannan ya shafe mu kai tsaye, tun da gwamnati ta kafa kwamitin kwance ɗamara a 2018 wasu tubabbun 'yan Boko Haram suna komowa cikin jama'a. Kina iya yafewa ba tare da kin zauna tabarma ɗaya da kowa ba, kuma ba da shaida gaban hukuma bai rushe gafara ba. Sulhu na bukatar tuba da ake gani da amincin da aka gwada, babu fasto ko lawan da ke da ikon sa miki rana.

Ga alamun da in an gan su sai asibiti, tare da addu'a: mutum ya daina ci har yana ramewa, ya kasa kula da yara ko aiki makonni a jere, yana jin muryoyi, ko yana maganar gara ya mutu. Wannan ta ƙarshe ba a wasa da ita. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa mutum aikatawa. A kwashe maganin feshin auduga da na ɓera daga gidan, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti mafi kusa a ranar. Ke ma, tun da mugayen mafarkai sun kai shekaru, ki je ki nemi mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa, in babu a kusa a tura ki birnin Marwa. Neman likita bai rage komai daga bangaskiya ba. Matar da aka yi wa fyaɗe kuwa a kai ta cikin awa 72, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kare ta daga ƙanjamau ke aiki. Ba ta da laifi, kada a hana ta jibin Ubangiji.

Sai batun tulu. Da Yesu ya tashi daga matattu, tabon ƙusa yana hannunsa, da shi kuma Toma ya gane shi a Yahaya 20:27. Allah bai jira tabo ya ɓace kafin ya aiki mutum. Bulus ya ce a 2 Korantiyawa 1:4 ana ta'azantar da mu domin mu ta'azantar da masu wahala da irin ta'aziyyar da muka samu. Gwauruwar da aka kashe wa miji jiya za ta ji maganarki fiye da tamu, domin ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Sai dai kada ki yi gaggawar ɗaukar kayan wasu. Ma'aunin shi ne ki iya ba da labarinki daga farko zuwa ƙarshe, ko da hawaye, ki kuma yi barci a daren. Kafin lokacin, ki kama ƙaramin aiki mai ranar farawa da ta gamawa: kunya biyu na albasa, suyar ƙuli-ƙuli ranar kasuwa, adashin mata goma, koyar da yara waƙa ranar Asabar. Aikin hannu yana mai da wa rana tsarinta, kuma yana fitar da ke cikin mutane.

Yara ma suna ɗauke da nasu. Fitsarin kwance bayan an girma, faɗa a makaranta, ƙin rabuwa da ke, duk alamu ne, duka kuwa ƙara su yake yi. Ki gaya musu gaskiyar mutuwar babansu daidai shekarunsu, kada a ce ya yi tafiya. In ba a sami yin jana'iza ba, ki roƙi fastonku a yi sujadar tunawa, a kira sunansa, a dasa itace. Ranar da abin ya faru in ta kewayo, ki sani tun da wuri makon zai yi nauyi. Ki gaya wa dattijuwarki kwana uku kafin ranar, ta zo ta kwana a wurinki.

'Yan'uwanki cikin Almasihu,
masu hidimar ta'aziyya a Arewa Mai Nisa