Barka da Sallah daga Landan

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Inna, da Yaya da iyalinsa, da Auta, da duk wanda ke cikin gidanmu na Jahun. Barkanmu da shan ruwa, barkanmu da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana.

Yanzu na dawo daga idi. A masallacin unguwarmu sau uku aka yi sallar, jam'i bayan jam'i, saboda wurin ba ya ɗaukar jama'a. Na samu na biyu. Ana sallamewa kowa ya ja zif ɗin rigar sanyinsa ya nufi tashar jirgin ƙasa, don yau ranar aiki ce a nan. Ina tafe ina lissafi: yanzu Mai Martaba ya taso daga filin idi, yanzu dawakai sun cika ƙofar fada, yanzu Inna ta sauke tandar masa, miyar taushe tana ta ƙamshi, yaran maƙwabta suna shigowa da kwanuka.

Inna, akwai abin da na ɓoye muku, kuma ba na so Sallah ta wuce ban faɗa ba. Kiran da kuka yi mini ranar 14 ga azumi, na kashe hoto na ce intanet ce ba ta da ƙarfi, ba gaskiya na faɗa ba. A kwance nake, ban so ku ga idona. Ku yafe mini.

Mura ce, amma ba irin ta hunturu da muka saba ba, wadda mutum zai sha shayi da citta ya fita kasuwar Wunti. Wannan farat ɗaya take kayar da mutum. Na je aiki da safe lafiya lau, kafin la'asar haƙorana suna haɗuwa don rawar sanyi. Da dare na auna zafin jikina, ya kai digiri 39. Gaɓɓai kamar an yi mini dukan tsiya, kai yana sarawa, ga busasshen tari da ke tsaga ƙirji. Daga gado zuwa banɗaki taku shida ne, sai na dafa bango nake kaiwa.

Da farko na ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne, tunda mu a gida shi muka sani. Na kira 111, lambar da ake neman shawarar ma'aikatan lafiya idan abin bai kai na gaggawa ba. Matar ta tambaye ni rabona da Najeriya, na ce shekara biyu da wani abu. Ta tambayi numfashina da ƙirjina, sannan ta ce alamun na mura mai tsanani ne: in zauna a ɗaki, in sha ruwa da yawa, in sha farasitamol amma kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana, in kuma numfashi ya fara sarƙewa in kira 999, lambar gaggawa, nan take. Na roƙi maganin kashe ƙwayoyin cuta irin wanda muke saya a kemis, ta ce ba ya taɓa ƙwayar bairos, kuma a nan ba a sayar da shi sai da takardar likita. A lokacin raina ya ɓaci, na ga kamar an yasar da ni. Yanzu na yarda tana da gaskiya.

Azumi shida na sha. Zan fara ramuwa a makon nan in sha Allah.

Baba, ciwon jikin bai dame ni kamar shirun ɗakin ba. A gida da an ji ina kwance, kafin azahar zaure ya cika da takalman masu dubiya. Gwaggo ta aiko da kunun tsamiya, Inna ta lulluɓe ni da bargo a kan tukunyar sirace, wani ya ce "ya jiki", wani ya ce "Allah ya sa kaffara ne". A nan kwana uku ban ji muryar ɗan Adam a ƙofata ba, sai ƙarar bututun ɗumama ɗaki. Kofin ruwa yana kan tebur, ina kallonsa ya fi awa guda, na rasa mai miƙo mini. A daren nan na yi kuka.

Rana ta huɗu wani dattijo ɗan Somaliya da muke sahu ɗaya a tarawihi ya ga bai gan ni ba, ya yi ta tambaya har ya gano ɗakina. Ya ajiye romon kaza da dabino da lemun tsami a bakin ƙofa, ya ƙwanƙwasa, ya ja baya don kada ya ɗauka. Haka ya yi ta yi kullum bayan magariba har na miƙe. Ku sa shi a addu'a, don Allah.

Yanzu da sauƙi sosai, saura ɗan tari da kasala. Ana yin allurar rigakafin wannan mura kowace shekara wajen watan Oktoba, saboda ƙwayar tana sauya kama. Bara na yi sakaci, bana ba zan bari ta wuce ni ba.

Na tura wa Yaya goron Sallah, a raba har da Gwaggo da Kawu. Auta, idan wani zai taho, ki haɗo mini busasshiyar citta da kanumfari da masoro. Ki kuma ɗauko mini hoton hawan Daushe. Inna, da daddare zan kira, wannan karon da hoto a buɗe.

Ɗanku mai kewarku,
daga Landan.