A Tuna da 'Yan Mazan Jiyan Yaƙin Bama

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Kowace ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja domin tunawa da 'yan mazan jiya, kasancewar ranar ce yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Hakan ya dace, sai dai da wuya a ji an ambaci dubban 'yan Arewa da Turawan Ingila suka kwasa zuwa dazuzzukan ƙasar Bama (Myanmar ta yau) lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, cikin runduna ta 81 da ta 82, inda suka gwabza da sojojin Japan a 1944 da 1945, wasunsu kuma can ƙasa ta rufe idonsu. Kakana ya dawo da ransa, amma har ya rasu babu wanda ya rubuta labarinsa. Ina roƙon hukumomin ilimi su sanya tarihinsu cikin darussan makarantunmu.

Wassalam,
Mai karatunku daga Zariya