Jirgin ƙasa a kan katangar gidana

Malam Edita assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a.

Don Allah a ɗan ba ni fili in kare kaina, don nan Daura maƙwabta sun sa ni gaba da tsiya wai mutum da furfurarsa ya zauna yana wasa da jirgin yara. Ƙanina da ke Jamus ne ya aiko min shi ɗan gwanjo, ƙirar LGB, irin wanda Turawa ke shimfiɗawa a lambu tun 1968, faɗin layin milimita 45 kacal, kan jirgin kuwa bai fi burodin yanka girma ba.

Da farko a tsakar gida na shimfiɗa shi, kwana biyu akuyar uwargida ta bi ta kai kaji suka ƙarasa, shi ne na ce to bari mu koma sama. Su can shingensu na katako ne sukuru kawai za ka ɗaura, mu kuwa bulo ne, sai da na kira mai walda ya yanko min ƙarafuna masu kusurwa muka huda katanga muka kafa, sannan kafinta ya jera falanki a kai bayan mun shafe shi da baƙin mai saboda gara. Wajen daidaitawa ne na sha wuya wallahi, ido ya ce daidai ne amma jirgi na zuwa wani wuri sai ya tirje tayoyi na ta juyawa a banza, ashe hawan ya wuce 3 cikin 100, sai da na aro tiyo mai ruwa irin na magina. A kwana kuma dole falankin ya yi faɗi don ba ya shan kwana kamar babur.

Sai zafin Afrilu ya zo. Layin na farin tagulla ne, rana na dukansa ya miƙe ya gantsare, na dawo daga masallaci na tarar da taragu biyu a ƙasa kusa da randa. Yanzu na bar 'yar tazara a kowane haɗi, yadda ake yi wa tsohon layin dogo na gaske. Da hunturu kuma ƙura ce matsalar, tunda wutar da ba ta wuce bolt 24 ba ta cikin layin take bi, kullum sai an goge da tsumma, ga ƙadangaru da suka mai da wurin gadon shan hantsi.

Abin da ya sa na rubuto shi ne, tun 2021 aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi da zai ratsa Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya, ga jami'ar sufuri a garinmu, amma yaran unguwarmu da yawa ba su taɓa ganin jirgin ƙasa ba sai a waya. Duk la'asar suna cika min gida, jiya wani ɗan firamare ya tambaye ni me ya sa tayar take da baki ta ciki, na juya masa taragon ya gani da idonsa. Mu da muka tashi muna ƙera motar kara da ta langa-langa mun san darajar wannan.

In akwai maƙeri ko malamin makarantar koyon sana'a da zai iya ƙera irin wannan layin a gida ya yi magana ta jaridarku, don saura min bango ɗaya in zagaye gidan kuma kuɗin Yuro ya fi ƙarfina.

Naku,
Mai karatunku daga Daura